Yadda Za Ka Daidaita Tayoyin Motar Surukinka Cikin Matakai Bakwai

Ɗan'uwa, idan ka gaji da yadda surukinka yake kallonka a matsayin wanda bai iya komai ba sai sa hannu a takarda, ka zo inda ya dace. Ni Nuruddeen, ma'aikaci a sakatariya a Kazaure, na gwada wannan hanya da kaina. Ina ba ka tabbacin cewa cikin kwana huɗu sunanka zai zaga dangin matarka kaf.

Mataki na 1: Samo suruki mai tsohuwar mota

Nawa shi ne Alhaji Mamuda, tsohon magatakardan hakimi. Yana da fijo 504 ruwan ƙasa wadda ta girmi matata Bahijja. Shi yake goge ta da kansa kullum, jikoki ko jingina da ita ba sa yi. Aibinta biyu: tana ja hagu, in kuma ta faɗa rami gabanta ya yi ƙara kamar an zubar da kwanuka.

Mataki na 2: Yi magana inda ba a tambaye ka ba

Je ka gaishe shi ranar Litinin. Durƙusa a gefen tabarma. Za ka ji yana cewa amininsa Malam Madu na kwance a Roni, wata biyu ke nan bai fita ba, kuma ya yi masa alkawarin zuwa ranar Juma'a a wannan motar, wadda suka sha yawon aiki tare a cikinta. Mutum mai hankali zai ce Allah ya ba shi lafiya, ya yi shiru. Kai kada ka yi shiru. Ka ce, "Baba, ai ƙarar nan ta gaba shokozoba ce. Sai kuma a daidaita tayoyi. Ƙaramin aiki ne, ni ma zan iya."

Zai daɗe yana kallonka ta saman tabarau, sannan ya ce, "Ashe haka ne, Malam Nuruddeen?" Ya miƙo maka makulli.

Mataki na 3: Nemi ilimi

Kalli bidiyo biyu a waya. Uku ɓata lokaci ne. Ari jak da sufana, ka sa tsohuwar riga, ka fara shafa baƙin mai a goshi tun kafin ka taɓa motar, domin maƙwabta su san da gaske kake.

Matarka za ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Tawa cewa ta yi, "Abban Yasmin, kai da ƙwan lantarki ma sai an kira maka mai gyara?" Kada ka kula. Manyan masana duk daga gida ake fara raina su.

Mataki na 4: Kwance komai

Duk notin da ya yarda ya juya, juya shi. Wanda ya ƙi, guduma. Idan wani ƙaton ƙarfe mai lanƙwasa ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnenka ya fasa randar ruwa, wannan shi ne sifirin, kuma alama ce aiki na tafiya. Daga nan ka mayar da komai. Notocin da suka rage ka zuba a gwangwani. Tun farko yawa suka yi.

Ɗaura zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ka rufe ido ɗaya ka auna. Ni da na gama ranar Laraba da la'asar, tayar dama tana kallon Babura, ta hagu tana kallon Gwiwa.

Mataki na 5: Kira bakanike, amma a ɓoye

Kira Musaddiƙ, wanda ya san tsofaffin motoci kamar 'ya'yansa. Zai zagaya motar sau biyu, ya leƙa gwangwani, ya cire hula ya ce, "Yallaɓai, haɗari aka yi?" Ka ce masa wani ne ya taɓa ta. Zai kalli goshinka ya ce, "Allah ya shirye shi."

Roƙe shi ya rufa maka asiri. Musaddiƙ ya wuni Alhamis a ƙarƙashinta, ya sa sabuwar shokozoba, ya daidaita tayoyin. Da muka gwada ta, ko ka saki sitiyari miƙewa take sak, ba ƙara ba ja.

Mataki na 6: Karɓi yabo tun da wuri

Kai motar da safiyar Juma'a. Idan Baba ya tambaya ko da hannunka ka yi, sunkuyar da kai ka ce, "Da taimakon Allah, Baba." Ni har gaban maƙwabtansa ya sa mini albarka, ya ce in shiga gaba mu tafi tare.

Ga abin da bidiyo ba zai gaya maka ba. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa mota mai ja hagu, hannunsa ya saba danna sitiyari dama ba tare da ya sani ba. A cikin gari muna tafiya a hankali, ban lura ba. Muna fita hanyar Roni ya sa giya ta huɗu, sai na ga kwalta tana gudu ta bar mu.

"Baba, hanya!"

"Na gan ta," in ji shi, muna ratsa gonar riɗi.

Kunyar gona ta goma sha ɗaya ce ta tsayar da mu. Ba wanda ya ji ciwo. Baba ya kashe mota, ya gyara hula, ya ce, "Malam Nuruddeen, ka ce da hannunka ka yi?" A nan ne za ka gane cewa ƙofar gaskiya ta rufe tun da safe.

A amalanken mai gonar muka ƙarasa Roni, shanu biyu na ja. Da Malam Madu ya ji labari, dariya ya yi har sai da aka tallafe shi ya tashi zaune. Iyalinsa suka ce rabon da ya zauna da kansa tun farkon damina. Baba ya riƙe hannunsa, idonsa ya cika da ƙwalla.

Mataki na 7: Mayar da ita yadda take

A hanyar dawowa Baba zai ce, "Na gode da ɗawainiya. Amma ka mayar mini da motata yadda na san ta." Koma wajen Musaddiƙ ka roƙe shi ya sa ta riƙa ja hagu. Ni goge hannunsa ya yi da tsumma, ya miƙo mini sufana.

"Yallaɓai, ni gyara na koya. Wannan fannin naka ne."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin randa, riɗi, ko sunan Injiniya da ƙannen matarka za su laƙaba maka har a gaban 'ya'yanka. Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya sa kansa. Mai ƙorafi ya same ni a ƙarƙashin motar Baba, amma ya zo da nasa jak.