Ciwon Goggo da Kunamar Harawa

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun da na zo gida Gafasa, ina shekarar farko a makarantar koyon aikin lafiya. Kaina ya kumbura lokacin. "Likita" ake ce mini, ni kuma ina amsawa (alhali ko allura ban taɓa yi wa kowa ba).

Goggo Hajara, yayar babanmu, ta daɗe tana kukan ciwon ƙugu. An yi mata hoto a Kano, aka ce ba a ga komai ba. Baba yana shawarar sake kai ta, sai ya miƙo mini hoton. Na ɗaga shi sama, na yamutsa fuska, na yanke hukunci: a ilimance, abin da gwaji bai nuna ba babu shi, ciwon Goggo a tunaninta yake. A gabanta na faɗa. Aka fasa tafiyar.

Kakar gyaɗa ce, mata sun cika tsakar gidanmu ana tsiga, har da maƙwabta. Na zura hannu cikin harawa, kunama ta harbe ni a yatsa. Ihun da na kurma sai da kaji suka watse. Na yi ta birgima, ɗankwali ya kama gabansa, ina kiran Inna, ina neman gafarar kowa wai mutuwa zan yi.

Yayana Sani ya kama hannun, ya juya shi, ya ja ni cikin rana ya ƙara dubawa. Ba jini, ba kumburi. Sai ya sanar wa matan cewa gwaji bai nuna komai ba. Dariyar da aka yi har yau tana kunnena.

Goggo ce kaɗai ba ta dara ba. Ta taso da ƙyar, dafe da ƙugu, ta ɗora hannuna a cinyarta tana hura mini.

"Na yarda yana miki zafi, 'yar nan," in ji ta.

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta hana ni ci gaba da kukan, ga zafin kuma yana nan.

Washegari ni na roƙi Baba, kaina a ƙasa, aka sa Goggo a motar Kano. Yanzu in mara lafiya ya ce mini yana jin ciwo, daga nan nake farawa. In littafi bai san ciwon ba, littafin ne ke da sauran aiki. Abin haushin, sai da kunama ta yi magana na ji, alhali Goggo ta yi shekaru tana faɗa.