Yadda Za Ka Riƙe wa Matarka Amanar Shuka

Kai maigidan da uwargida ta tafi Kano ta bar wa amanar shuka, kwantar da hankalinka, wannan hanya tabbas ce. Malam Lawal na unguwar Abbey Wood a Landan ya bi ta tiryan-tiryan a kan shukar matarsa Faridatu mai suna holi, wato gajeriyar itaciyar nan mai ƙaya a ganye da ko ƙanƙara ba ta kaɗe ta. Wata tsohuwar maƙwabciyarsu ce ta bar mata kafin ta rasu, kuma Faridatu tana ji da ita.

1. Kada ka saurari bayani. Tana faɗa, ka riƙa cewa "to, to", idonka na kan waya. Mai digirin digirgir ba a koya masa ban-ruwa.

2. Shayar da ita kamar kana Kano. Safe da yamma, har da ragowar ruwan alwala. Ruwan saman Landan na Turawa ne, bai shafe ka ba. Lawal har faranti ya sa a ƙarƙashin tukunyar don kada ɗigo ya tsere.

3. In ganye ya yi rawaya, ƙishi ne. Ƙara ruwa.

4. Ba da rahoto. Duk kiran bidiyo ka rantse tana nan lafiya lau, sabis ne kawai ba ya kaiwa baranda.

5. Binne gawa, sayo wata. Ranar da ganyen ƙarshe ya faɗi, tsoro ya kama Lawal ƙwarai, don ya san har rantsuwar za a yi masa hisabinta. Ya garzaya wurin masu sayar da shuka. Mai shagon ya fara tambayarsa wace iri ce ta mutu, ya katse shi. Kai ma katse shi. Ɗauki mai jajayen 'ya'ya cunkus, a ga ƙoƙarinka.

6. Tsaya ka karɓi yabo. Faridatu ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce baranda. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sanar da shi cikin sanyin murya cewa holi akwai mace akwai namiji, kuma mace ce kaɗai ke 'ya'ya.

"Baban Affan, nawa namiji ne," in ji ta. "A hannunka ya haihu?"

Gargaɗi: Babu ruwan mai wannan rubutu da abin da zai biyo baya. Mai ƙorafi ya nemi Lawal a falo, kan doguwar kujera, inda yake kwana yanzu. Sabuwar shukar kuwa tana ta bunƙasa, tunda an hana shi taɓa ta.