Ranar da Na Je Hana Kwanan Rumfa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na so in koya wa garinmu Gwaram zaman birni. Fatauci ya kai ni Jidda da Alƙahira har ƙasashen Turawa, inda na ga ana kafa ƙarfe a tsakiyar bencin titi don kada mutum ya miƙe, in ya kwanta kuwa 'yan sanda su tashe shi. Da na dawo aka sa ni a kwamitin kasuwa (albarkacin furfura kawai), sai na ce mu ma mu hana kwana a rumfuna.

Kowa ya san da wa nake. Malam Sale ne, wani dattijo mutumin Maruta da damina ta rushe wa ɗaki, ba ɗa ba jika, yake kwana a rumfar masu tabarmi. In dokar ta tabbata, ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa.

Aka sa zama bayan Azahar a wannan rumfar. Na riga kowa zuwa, na tarar da mai fura da nono, na sha ƙwarya guda (to, biyu). Na ce bari in ɗan jingina in bita jawabina a zuci.

Da na buɗe ido rana ta yi sanyi. 'Yan kwamiti na zaune kewaye da ni, shiru, don a wajenmu ba a tashin babba daga barci. Hulata na ƙasa, yawu ya jiƙa gemu. Ƙarƙashin kaina wani tsohon bargo ne a naɗe, Malam Sale na gefe yana kore mini ƙuda da mafici.

"Sannu Alhaji," in ji shi. "Nan gefen ya fi iska. Ni ma nan nake kwanciya."

Sarkin kasuwa ya gyara murya. "Alhaji, minsharin nan da Larabci ne ko Faransanci? Mun kasa fassarawa. Batun dokar kuma, da kai za a fara ko da shi?"

Na nemi ruwa na wanke fuska, na ce ai dama shawarar da na zo da ita, a yi gayya a tayar wa Malam Sale ɗakinsa. Ba wanda ya ƙaryata ni, sai dai wasu sun juya baya kafaɗunsu na rawa. Har ginin ya bushe, Malam Sale ya ci gaba da kwana a rumfar, ba mai ce masa tashi.

Ni dai na koyi abu ɗaya: kafin in sake yi wa barcin wani doka, sai na tabbata nawa yana jin maganata.