Kwamishinan Besbol a Gonar Baba Haggai

Garin Zuru ya haifi sojoji, ya haifi 'yan kokawa da manoman da duwatsu ke jin tsoronsu, amma sai da ya haifi Cif Godswill Yari ya san ya haihu. Daga bakin Cif ɗin na ji wannan, kuma ba na jin zai yi kuskure a kan fannin da ya fi kowa karantawa, wato kansa.

Bayan ya yi ritaya daga aikin gwamnati, inda kujerarsa ta fi shi zuwa ofis, 'yarsa Divine ta kai shi Amurka ganin jika. A can aka kai shi kallon besbol, wasan da wani ke jifa da ƙwallo, wani ya maka mata sanda ya ruga yana zagaya tashoshi. Surukinsa ya ce barci ya yi tun ba a kai rabi ba. Cif ya ce nazari yake yi da ido a rufe. Ya dai dawo unguwarsu ta Rikoto da hula mai baki, da sanduna biyu, da sabon hanci wanda ta cikinsa yake magana yanzu.

Bai huta gajiya ba ya kafa Gasar Ƙwararrun Besbol ta Ƙasar Zuru. Ya kira zaɓe a falonsa, ya tsaya takara, ya ci, ya taya kansa murna. Daga ranar ya zama Kwamishina. 'Yan kasuwa na ce masa Ba'amurken Rikoto, yara kuma Baba Sanda, duk yana amsawa da ɗaga hula, don gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ƙungiyoyi uku ya yi wa rajista: Zakunan Rikoto, Damisoshin Manga da Giwayen Bena. Giwayen ba su taɓa zuwa ba, amma ya ce rashin zuwansu dabara ce ta manyan ƙungiyoyi. Ladan ƙwararru kuwa ƙosai ne da zoɓo bayan wasa.

Sai maganar lokaci. "A Amurka," in ji shi, "Afrilu ake buɗe kakar wasa. Zuru ba za ta tsaya a baya ba."

Muntaka, malamin firamaren da aka naɗa alƙalin wasa, ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ai damina za mu faɗa. Yaran nan duk manoma ne. Mu bari sai rani mana."

"Muntaka, ka taɓa shiga jirgi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To."

Haka aka buɗe kakar bara tare da ruwan shuka. Rabin wasanni ruwa ya cinye, sauran rabin kuma jawabi. Kwamishina ba ya barin a jefa ƙwallo sai ya ba da tarihin wasan, da tarihin Amurka, da nasa, wanda ya fi duka biyun tsawo. Kafin ya sauka daga kan benci hadari ya haɗo.

A ranar buɗewa ya sanar cewa kofin gasar na tunawa ne da wani matashin soja, wanda ya taya shi share filin a hutunsa na ƙarshe, ya koma bakin daga bai dawo ba. Kwamishina ya cire hula, ya dafa ƙirji, ya ce har abada ba zai manta da marigayi Solomon ba. Sunan yaron Philemon. Na sani, domin ni na raɗa masa. Da kofin ya iso daga wurin mai zane, sunan da ke jiki ba Solomon ba ne, ba kuma Philemon ba. An rubuta na Cif da manyan baƙaƙe, har da lambobin yabon da ya ba kansa.

Duk gasar, mutum ɗaya ne ya iya jifa ta tafi inda aka aike ta: Dominic, na Damisoshin Manga. Shi kuma yana shekararsa ta ƙarshe a golmo, noman da saurayi ke yi wa uban budurwarsa kafin a ba shi aure. Gidaje da yawa sun sassauta al'adar. Baba Haggai na Manga, uban Magdalene, bai sassauta ba. Ya riga ya lura wasan sanda na satar masa suruki, ya kuwa yanke magana: ranar Asabar ta huɗar dawa, in Dominic bai zo ba, an ƙara masa shekara.

Ita wannan Asabar ɗin Kwamishina ya tsayar don wasan ƙarshe. Ya kafa rumfuna, ya gayyaci manyan baƙi, ya ɗauko mai hoto. Da Dominic ya durƙusa ya faɗi uzurinsa, sai ya ce duk ƙwararren da ya fifita garma a kan sanda za a kore shi daga besbol a duniya baki ɗaya. Dominic ya auna duniya baki ɗaya da Magdalene, ya saɓi garmarsa.

Da hantsin Asabar Kwamishina ya nufi Manga da kansa, mai hoto a bayansa. Motar ta kafe a taɓo, suka ƙarasa da ƙafa, shi cikin farin takalmi da kwat. Ya tarar da samarin golmo sun jeru suna huɗa, mata sun kawo kunu, tsohon yana zaune a gindin ɗorawa. Ganin taro, jawabi ya motsa masa.

"Baba, ba don kaina na zo ba. Idon duniya na kan Zuru a yau. Ka riƙe hannun da ya kamata ya ɗaga ƙasar nan sama, ka sa shi tonon ƙasa. Ni da kake gani, jinina zan iya bayarwa saboda wasan nan!"

Baba Haggai ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ba ɗan Yari ba ne wanga? Riƙe jininka, ɗana, ba ni da abin yi da shi. Gumi nike so. Gona ba ta san fuska ba. Ga garmar Dominic nan. In ka tsaya mai, ya tafi wasanku. Amma wanda ya ɗauka ba ya ajewa sai mai gona ya ce."

Samari suka dakata. Mata suka dakata. Mai hoto ya ɗaga na'urarsa. Baki shi ke yanka wuya, kuma na Kwamishina ya daɗe yana wasa wuƙa.

"Ni jikan manoma ne," ya ce, yana naɗe hannun kwat. "A Amurka ma sun yi mamakin ƙwanjina."

Lissafinsa shi ne ya sari ƙasa sau biyu, a ɗauki hoto, ya koma rumfa kafin baƙi su zauna. Dominic bai jira ƙarshen lissafin ba, ya haye babur ɗin wani ya yi gari.

Abin da ya faru a filin wasa kowa ya gani. Ba a yi jawabi ba, don haka a karon farko aka fara wasa aka gama hadari bai haɗo ba. Dominic ya yi jifa kamar mai korar birai daga masara. Damisoshi suka ci. Muntaka ya miƙa kofi, baƙi suka tafa, suka ce ashe wasan yana da daɗi, suka watse babu wanda ya tambayi ina Kwamishina.

Abin da ya faru a gona kuwa samarin golmo sun mayar da shi waƙa. Duk sa'ad da Kwamishina ya miƙe zai yi sallama, tsohon ya ce, "Ban ce ba tukuna." Takalmi ɗaya ya zauna a taɓo. Hancin Amurka ya gudu tun kafin azahar, aka ji shi yana kiran uwarsa da C'lela tsantsa, harshen mutanen Zuru da ya ce ya manta a jirgi.

Da la'asar Dominic ya dawo a guje, ko kofin bai tsaya taɓawa ba. Ya tarar da wakilinsa a kwance a gindin ɗorawa, kwat a fuska. Aikin yini guda kunyar huɗa ɗaya ce, ta karkace kamar maciji ya haɗiyi kwaɗo, ga dawa a sassare gefe da gefe, don Kwamishina ya ɗauka ciyawa ce. Magdalene ta sauke ƙwaryar kunu, ta zuba wa ubanta ido.

Baba Haggai ya bi kunyar daga farko har ƙarshe, yana ɗaga karan da aka sare yana ajiyewa.

"Dominic."

"Na'am, Baba."

"Tun da ka fara shigowa gonag ga nike ce ma rago. Na ɗauki alhakinka. Yau Allah ya nuna min rago da idona. Golmonka ya cika. Gobe bayan coci ka zo ka gyara ɓarnar ubangidanka, ka turo manyanka."

Mata suka rangaɗa guɗa. Guɗar ce ta tashi Kwamishina. Ya zauna, ya lalubo hula, ya ga taro na murna, bai yi shakkar don wa ake yi ba. Ya dafa ɗorawa ya miƙe da ƙafa ɗaya a takalmi.

"Tarihi zai rubuta," ya fara, "cewa da gumina na ɗaura auren nan."

"Tarihi ya rubuta abin da ya ga dama," in ji Baba Haggai, yana ɗauke garmar Dominic. "Ni dai, ɗan Yari, da kai ke neman ɗiyata, da tuzuru za a binne ka."