Kaset Ɗin Da Ya Tafi Haɗeja

Ko zan manta komai na zaman Riyad, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tona wa kaina asiri a falon Hajiya Binta ba, da kaset ɗina, da hannuna.

Sai da na aurar da 'yata ta fari na koyi riƙe biro. Maigidana direba ne a ofishin jakadancinmu, muna zaune a unguwar Manfuha, kowace Alhamis yana kai ni Unguwar Ofisoshin Jakadanci, gidan Hajiya Binta, matar wani babba a ofishin. A can Malama Hajara, wadda ta karanta tarihi a gida kafin ta biyo mijinta, take koyar da mu matan ma'aikata. Ni ce mafi tsufa a ajin, ni ce kuma mafi baki. Duk wadda ta soma zancen kewar gida sai in ce ta share hanci, ba kuka ya kawo mu ba. Har Ƙarfe suke ce mini (ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba).

Shekarar da aka nuna shugabannin Falasɗinawa da na Isra'ila suna musabaha a talabijin, gardama ta kaure a ajin. Malama ta ce ba ta son "an ce", kowa ta nemo shaida daga tushe: takardar da aka rubuta a lokacin, ko hoto, ko bakin wanda ya gani. Ta ce kowane ɓangare yana da nasa, kuma ɗalibin kirki yana neman duka. Na ja maigida zuwa shagunan littattafai na unguwar Murabba. Taswirar da na samu an bi sunan ƙasa guda da baƙar tawada an shafe. Takardun Yahudawa da na Turawa kuwa, Malama ta ce suna can ƙasashen da igamata, takardar izinin zamana, ba za ta kai ni ba.

Sai na tuna maƙwabciyata Ummu Halil, tsohuwar Bafalasɗiniya da muke shanya a soro ɗaya. Da Larabcina na kasuwa na roƙe ta ta ba ni labarin ƙasarsu. Ta dafa shayi, na danna rikoda. Na zaci za ta ba ni labarin yaƙi. Ita kuwa lemon gonar ubanta kusa da Yafa ta yi ta faɗa, da murhun da uwarta ta bari da kwaɓin burodi a kai ranar da suka fita, don an ce musu ba za su daɗe ba. Ta yi kuka. Ni ina kallon kaset yana juyawa, ina murnar na kayar da 'yan ajin.

Abin da ba su sani ba, Inna, mahaifiyata da ke Haɗeja, ba ta karatu, saboda haka wasiƙarmu kaset ce. A makon nan ne wata mata za ta gida, na kulle ƙofa da rana na yi wa Inna nawa saƙon. Kaset biyu, kamfani ɗaya, launi ɗaya. Ni da nake taƙamar na iya rubutu, ban rubuta ko alif a bayan ɗaya ba. Na ɗauki guda na miƙa wa matar.

Ranar Alhamis na aza rikoda a teburin Hajiya, na yi jawabi kamar farfesa, na ce kada wadda ta taɓa maɓalli sai ya ƙare. Na danna, sai mai aiki ta leƙo ta ce maigidana yana bakin ƙofa da jakar littattafaina. Na fita ina taku.

Tun daga baranda na jiyo kuka. Na ce a raina, Ummu Halil ta kama su. Da na matso sai na ji kukan da Hausa ake yin sa.

"Inna, wallahi na gaji. Ko warin daddawarki na samu ya ishe ni. Kada ki mutu ban dawo ba, Inna."

Na tsaya riƙe da labule. Ba wadda ta yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Hajiya Binta ce ta miƙa hannu ta kashe, idonta jajir. (Daga baya na tuna wurin da na ce a kaset ɗin miyar kukar Hajiya kamar ruwan wanki ya riga ya wuce.)

"Ƙarfe," in ji ta, "zauna. Mako mai zuwa ke za ki kaɗa mana miyar."

Malama ta ce shaida dai daga tushe take, tarihin ne ba wanda ta tambaya ba.

Bayan watanni amsa ta zo daga Haɗeja. Inna ta ce ta tara matan gida su ji muryata, sai ga Balarabiya. Da farko sun ɗauka addu'a ce, suna ta amin. Da kukan ya soma suka bar amin, suka saurara har ƙarshe. "Ban ji ko kalma ɗaya ba," ta ce, "amma wannan baiwar Allah gida take so. Ki gaishe ta, ki ce na ji. Ke ma na san naki, ko ba ki aiko ba."

Na hau soro na fassara wa Ummu Halil. Ta sa na maimaita mata muryar Inna, ta tambaye ni ko gidanmu yana nan. Na ce yana nan. Ta ce to me nake jira.

Kaset ɗinta bai dawo ba, Inna ta ce ya zama nata. Tun daga ranar, ko kwalbar yaji ce sai na rubuta suna a jikinta. Kuma idan wata ta soma kukan gida a gabana, gyalena nake miƙa mata, in ce ta rage mini gefe.