Jan Birona da Kwatar Unguwarmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ba da kyaututtuka a makarantar da nake koyarwa a Soron Ɗinki ba. Ni ne malamin Hausa, kuma ni ne mai cika baki a aji cewa alƙalami ba ya tsoron kowa (Allah Ya yafe mini, har tebur nake bugawa in ina faɗa).

Ɗalibata Rukayya aka zaɓa ta karanta insha'i a gaban baƙi. Ta yi rubutu a kan kwatar unguwarmu da ke toshewa duk damina, ruwa ya cika wa mutane zaure. A tsakiya ta tambayi ina alkawarin da kansila ya yi na gyara ta. Rubutun ya yi kyau, ni ma na sani. Amma kansilan ne babban baƙo, kuma ban manta da maƙwabcinmu da ya kwana uku a hannun 'yan sanda don ya ɗora hoton kwatar nan a Fesbuk ba. Babu wanda ya kira ni, babu wanda ya ce in taɓa komai. Ni da kaina na zaro jan biro na soke wurin, na rubuta a gefe: kada ki karanta nan.

Ranar taro iyaye suka cika rumfa. Rukayya ta fara karatu tiryan-tiryan, ina gefe ina gyara hula ina jin kaina. Da ta iso wurin sai ta ɗago kai ta ce a lasifika, "Nan Malam ya ce kada in karanta." Ta yi shiru tana bin layukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sai da ta kai ƙarshensu sannan ta ci gaba.

Shirun bai fi minti ɗaya ba, amma wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To me yarinyar ta rubuta ne?" Kansila ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Malam, ni dai ban aike ka ba." Aka kwashe da dariya. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Washegari na ɗauka faɗa zan sha. Sai shugaban makaranta ya yaba hankalina, ya ce daga yau duk rubutun ɗalibai sai ya bi ta hannuna. Na karɓa (har da godiya).

Insha'in Rukayya na gaba a kan amfanin tsafta ne, babu kuskure ko ɗaya, babu tambaya ko ɗaya. Na ce, "Ina tambayoyin nan naki?"

Ta ce, "Malam, rage maka aiki na yi."

Kwata dai tana nan a toshe. Abin da na koya shi ne, masu mulki ba sa buƙatar tura ɗan sanda kowane aji muddin akwai irina. Biron ma ba su suka saya mini ba.