Abin da Aka Rubuta a Bayan Kwalbar Mayonis

Ko zan manta da komai na shekarar da aka sa mini rana, ba zan taɓa mantawa da kwalbar mayonis ɗin nan ba. Har yau in na hango irinta a kanti, sai in kau da kai kamar na ga wanda ya san asirina.

A lokacin kaina a kumbure yake, wannan ba sai an tambaya ba. Na gama sakandare a Kano, na dawo Kazaure na samu aikin buga tafireta a ofis, ga kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa na sayen abin da ubansa bai taɓa gani ba. Wannan rediyo mai kaset, wancan babur. Ni kuwa rabona kwalba ce. Yaya Bala ne ya kawo mini ita tsaraba daga wani babban kanti a Kano, farkon bazara, ana gobe sunan ɗansa. Abin ciki fari sol, mai kauri, an buga kwanan wata a kan murfi, kuma kwanan watan nan sai baɗi zai cika.

Maƙwabciyarmu Sista Rifkatu, wata nas ’yar kudancin Zariya, ita ta nuna mini yadda ake haɗa salak da shi. Ranar suna muka buɗe, muka ɗebi fiye da rabi, ƙawayena suka ci suna santi. Da Sista za ta tafi ta ce, “Ƙanwata, kawo sauran in sa miki a firijina.” Nata mai aiki da kananzir ne. Mu ko wuta ba a ja mana ba, randa ce iyakarmu.

Na ce, “Bar shi, Sista, ai da kwanan wata a jiki.”

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ni na riga na juya. (Halina ke nan, ba na iya tsayawa mutum ya kai ƙarshen zancensa.) Kuma tsakani da Allah, in kwalba tana firijin Sista, wa zai san ina da ita? Sai na ɗora ta a kan kabad, tsakanin agogo da hotona na makaranta, daidai inda duk wanda ya ɗaga labule zai fara gani. Ɗakin rufin kwano ne. Wanda ya taɓa yin bazara a Kazaure ya san me nake nufi. Nan ta zauna wata uku da ’yan kwanaki.

To, akwai Malam. Malamin firamare ne, mutumin Gwiwa, kuma ni na ce ina so, ba wanda ya zaɓa mini. Da damina ta faɗi aka aiko cewa danginsa mata za su kawo kayan sa rana. Shugabarsu Gwaggo Asabe, yayar mahaifinsa, wadda ta raine shi tun yana goye. Malam ya gaya mini a fili cewa in Gwaggo ta ce a’a, ko mahaifinsa ba ya ɗaga maganarta. Ya kuma ce tana ɗari-ɗari da ’yan boko, wai ba su iya komai ba sai taunar cingam.

Na ce za ta gani.

Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ni kuma tun da hantsi na yanka latas, kabeji, karas, na jera dafaffen ƙwai, na sauko da kwalbata. Da na buɗe murfin ya yi wani ɗan fiii. Mai ya taso sama ya yi rawaya, na sa cokali na juya har ya koma yadda na san shi, ko kusa da haka. Inna tana bakin murhu ta ɗago kai.

“Ke, mene ne ya yi tsami haka?”

“Inna, haka warinsa yake.”

“Ranar suna ba haka yake ba.”

Na ce, “Daddawa fa, ƙamshin turare take yi? Nono fa in ya kwana? Wannan daddawar Turawa ce, sai ta jima take nuna. Ga kwanan wata nan, sai baɗi.” Na kai mata murfin har gaban ido, alhali na san ba ta karanta boko.

Ta dube ni ta ce, “To, ’yar makaranta. Ni dai hancina bai je aji ba.”

Ban ɗanɗana ba, don ragowar kaɗan ce, ina tsoron kada ta kasa. Na juye duka, na rufe da faifai, ya zauna a rumfa har bayan azahar.

Baƙi suka iso su uku. Na gaishe su a durƙushe na gudu ɗaki, na liƙa kunne a labule. Na ji Gwaggo ta ce, “Wannan fa, mai farin kaya?” Inna ta ce, “Na ’yarku ne, irin na makaranta.” Sai na ji ƙarar cokali. Can ɗaya ta ce, “Da ɗan yami-yami.” Gwaggo ta ce, “A ci dai, yarinya ta sha wahala.” Suka yi mini kara, bayin Allah, suka cinye tas. Inna ba ta taɓa ba, dama ta sha faɗa cewa ita ba akuya ba ce da za ta ci ɗanyen ganye. Ni kuwa a ɗaki har rawa na taka.

Kwana uku ban ji ɗuriyar Malam ba. Ran na huɗu ya zo da la’asar, ko babur bai kashe da kyau ba, ya tsaya a zaure yana murza hula. Ashe tun kafin motar kasuwa ta yi rabin hanyar Gwiwa cikin Gwaggo ya murɗa. Sau biyar ana tsayar da mota. Ga fasinja cike, ga gero ko gwiwa bai kai ba, balle ya rufa wa dattijuwa asiri. Su ukun duka suka kwanta, amai da gudawa, ita Gwaggo har sai da aka ƙara mata ruwa.

Na ce, “Subhanallahi, me suka ci?”

Ya ce, “Abin da ake tambaya ke nan. An ce ke ba ki ci ba, Inna ba ta ci ba. An ce wani farin abu kika ɗebo a kwalba.” Ya ƙara da cewa, “Suna cewa maganin mallaka ne, ya fi ƙarfin cikinsu. Gwaggo ta ce a dakata da maganar.”

Mallaka! Ni da ko rubutun sha sai Inna ta tsaya a kaina. Na shiga gida na wawuro kwalbar (ban yar ba, wanke ta ma ban yi ba, ta koma kan kabad), na ce wa Inna gobe in za ta dubiya da ni za a je. Ta ce, “Wace yarinya ce take zuwa gidan surukai tun ba a kai ta ba?” Na ce ni.

Muka tarar da Gwaggo a kan tabarma, ta jingina da bango, idanu sun faɗa. Mata sun kai goma a tsakar gida, kowacce ta bar abin da take yi. Malam ya tsaya can bakin ƙofa. Bayan gaisuwa na fito da kwalba na ajiye a gabanta na ce, “Gwaggo, wannan ba magani ba ne, abincin kanti ne. Ga kwanan watansa, ko lalacewa bai yi ba.”

Ta juya kwalbar a hannu, ta kai hanci, ta yi saurin janyewa. Ta ce, “Duk wannan rubutun fa? An ce kin yi karatu. Karanta mana, ki juya da Hausa, kada ki bar ko ɗigo.”

Na gyara zama, na gyara murya. Nan ne fagena. Na karanta gaba, na fassara: da ƙwai aka yi, da mai, da ruwan tsami. Mata suka ce, “Ƙwai?” Na juya baya ina ci gaba da sauri, sai idona ya sauka a kan wasu ƙananan baƙaƙe can ƙasa, waɗanda wata uku suna kallon bangon ɗakina. Na karanta su a zuci.

Ba wadda ta iya Turanci a matan nan. Malam yana nesa, ba ya hangowa. Da na tsallake layin da ba mai sani. Amma in na tsallake, me ya kwantar da mutum uku? Sai a koma kan mallaka. Wato ko in tashi a matsayin muguwa mai ilimi, ko in tashi a matsayin wawuya. Ban taɓa sanin mutum zai iya yin gumi har a tafin ƙafa ba sai ranar.

Gwaggo ta ce, “Kin yi shiru.”

Na ce, da wata ’yar murya da ban san ina da ita ba, “An ce da zarar an buɗe, a ajiye a firij, a kuma ƙarar da shi cikin wata biyu.”

“Kuna da firij ɗin?”

“A’a.”

“Yaushe kika buɗe?”

“Farkon bazara.”

“A ina ya yi bazarar?”

Inna ce ta amsa mini, Allah ya saka mata: “A kan kabad, yana taya agogo hira.”

Wata ta fara ƙyalƙyalewa, sai tsakar gida ta ɗauka. Har wadda ke daka ta saki taɓarya. Ni dai kaina a ƙasa, ina ƙirga zaren tabarma. Gwaggo ma ta yi dariya har ta riƙe ciki ta ce wash, sannan ta ɗaga hannu aka yi shiru.

“To, alhamdu lillahi. Ashe ba mugunta ba ce, wauta ce. Kuma da bakinta ta karanto wautar, ba ta ɓoye ba.” Ta dubi Inna. “Muguwa ba mu da inda za mu sa ta. Wawuya kam gidan nan da wuri, ga su nan da yawa za ta samu ’yan’uwa. Rana tana nan yadda aka sa.”

Aka yi biki bayan kaka. Shekara guda cur, duk abin da na dafa in fari ne, ko kunu ne, sai Gwaggo ta ce, “Amarya, fara kurɓa mu gani.” Ina kurɓa, ba musu.

Abin da na koya kaɗan ne, amma da cikin mutum uku aka biya shi. Kwanan watan da ke kan murfi na kwalbar da ba a buɗe ba ne. In an buɗe, sai firij, kuma ko a can wata biyu ne. In ba firij, ko kuma an haɗa salak an bar shi a rumfa ya wuce awa biyu, to kada a ba ko wanda ake jin haushi. Sannan in za ki yi taƙama da karatu, ’yar’uwa, ki karanta abin a ɗaki ke kaɗai har ƙasa, kafin a tara miki mata goma.